Tsohuwar Jita: Sauti Ake Saya Ko Labari?

'Yan uwana Hausawa mazauna Kuje da Gwagwalada da sauran garuruwan da ke kewaye da Abuja. Yau zan ɗan kauce wa batutuwan da muka saba tattaunawa, irin su kuɗin haya da rusau da makarantar yara, in yi magana a kan wani kaya da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa da hannu ba, wato tsohuwar jita mai amfani da lantarki. Kafin wani ya rubuto mini cewa ɗan Alhaji ya koma makaɗi, bari in faɗa tun yanzu: hukuncin kiɗa a addini na bar wa malamai, su ne masu wannan fage. Ni ɗan kasuwa ne, ɗan kasuwa kuma ya haife ni, don haka a kan kaya da farashinsa zan tsaya.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Bahaushe da jita? Ai da ruwansa. Duk wanda ya san garuruwan nan ya san cewa kusan duk wani tsohon kaya da ya fita daga gidan mutane, ko firji ko janareto ko talabijin, ta hannun yaranmu yake bi, daga masu tura baro suna kiran gwangwan har zuwa manyan dillalai na panteka. Kuma mu a nan ba kamar gida ba ne, muna zaune ne a tsakiyar Gade da Gbagyi da Ibo da Yarbawa da mutanen Filato da Binuwai, ga majami'u a kowane lungu, kusan kowace da makaɗanta da kayan kiɗanta, ga otal-otal da wuraren biki. Idan jitarsu ta tsufa ko ta lalace, ina kuke jin za ta ƙare? Ga kuma labaran da ke yawo a waya, na cewa an sayar da wata tsohuwar jita a Amurka a kan miliyoyin daloli. Sai aka samu mutanenmu kashi biyu: masu farfasa jita don su ciri wayar da ke ciki su ɗora a sikeli, da masu ganin duk jitar da ta yi ƙura ta isa ta kai su Makka. Ni a ganina duka biyun sun ɓata hanya, domin sun haɗa abubuwa biyu da suka daɗe da raba gari, wato ingancin jita da kuɗinta.

Bari mu fara da kayan kansa. Jitar lantarki, idan ka cire ado, katako ne guda mai kauri, da wuya mai tsawo, da tsirkiyoyi shida na ƙarfe. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan aka taɓa tsirkiya ta girgiza, sai wannan naɗi ya mayar da girgizar ta zama 'yar wutar lantarki, ta bi waya zuwa amfilifaya, lasifika ta fitar da ƙara. Wannan naɗi zan riƙa ce masa kunnen jita, tunda shi ne yake ji. Iyakar sirrin ke nan, babu tsafi babu aljani.

Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan kaya a duniya, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton da ke jihar Kalifoniya, kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Tunaninsa irin na mai shago ne: a ƙera abu mai sauƙi, mai saurin haɗawa, wanda in wani sashe ya lalace za a kwance a sa wani. Shi ya sa ya ɗaure wuyan jitarsa da sukurori huɗu maimakon a manne shi da gam. A 1950 ya fitar da wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster, a 1954 kuma ya fitar da Stratocaster a kan dala 249 da rabi. Ba kayan sarauta ya ƙera ba, kayan aiki ne na masu neman abinci a gidajen rawa. A watan Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13. Sababbin masu kamfanin suka ƙara yawan abin da ake ƙerawa, suka canza fenti zuwa mai kauri, suka yi wasu sauye-sauye da makaɗa ba su so ba. Daga nan ne aka fara cewa ta kafin 1965 ta fi, kuma daga nan ne kasuwar tsohuwar jita ta samo tushe. Har yau in dillali yana son ya ɗaga farashi, abin da zai fara faɗa shi ne an ƙera ta kafin zuwan CBS.

Labarin kamfanin Gibson ya fi ba ni sha'awa, domin duk ɗan kasuwa zai gane shi. Tsakanin 1958 da 1960 sun ƙera wani samfuri na jitar Les Paul a garin Kalamazoo, mai fentin da ya yi ja a gefe ya yi ruwan ɗorawa a tsakiya. Abin da suka ƙera gaba ɗaya wajen 1,700 ne. Me ya sa suka tsaya a nan? Domin ba ta shiga kasuwa ba. Ta yi nauyi, ana ganin ta tsohon yayi ce, sai kamfanin ya daina yin ta ya kawo wani samfuri a 1961. A yarenmu na kasuwa, kwantai ta yi. Sai a 1966 wani saurayi ɗan Ingila, Eric Clapton, ya yi amfani da ɗaya daga cikinsu a wani faifai da ya girgiza matasan lokacin, kowa ya tashi neman irinta, ga shi kuwa babu sabuwa a kanti. Kamfanin ya dawo da Les Paul a 1968, amma mutane suka nace sai dai waccan ta farko. A watan Janairun 2024 an yi gwanjon wata 'yar 1959 mallakar makaɗi Mark Knopfler a Landan, aka saye ta fam 693,000. Jitar da a zamaninta kuɗinta bai kai dala 300 ba.

Ku lura da wani abu a nan. Jan fentin da aka yi wa waɗannan jitoci ba ya jure rana, yana koɗewa. A wurin kamfani wannan aibi ne. Amma yau masu tara su har sunaye suke ba kowane irin koɗewa, suna biyan kuɗi a kansa. Kwantan da ta yi shi ya sa ta yi ƙaranci, aibin fentinta kuma ya zama ado. Wanda ya taɓa ganin yadda atamfar da aka daina bugawa take tashi a hannun mata ba zai yi mamaki ba. Ita kuwa ta Clapton ɗin, an sace ta a cikin shekarar 1966 ɗin, ba ta sake bayyana ba.

To shin babu wani inganci na gaskiya a tsofaffin ne? Akwai, ba zan yi musu ƙarya ba. Na farko katako. A wancan zamani ana samun manyan itatuwa da suka shekara ɗaruruwa a daji, irin waɗanda yanzu an ƙarar ko an hana sara. Akwai wani baƙin katako na ƙasar Birazil da ake shimfiɗawa a fuskar wuyan jita, wanda tun 1992 aka sa shi cikin jerin itatuwan da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu, yadda aka yi wa madobiya wawa a dazukan Taraba da Kogi ana lodawa zuwa Sin, har mutanen Taraba suka sa mata suna madrid, sai a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa ido. Wani abin da zai ba mai karatu mamaki, a 1958 Gibson ta ƙera wata jita mai kama da kan kibiya, ana ce mata Flying V, da katakon wata bishiya ta yammaci da tsakiyar Afirka, wadda Yarbawa ke kira afara. Ita ma kwantai ta yi, waɗanda suka fita a 1958 da 1959 ba su kai 100 ba, yau kuwa tana cikin mafi tsada a duniya. Katakonmu ne, amma riba tana can. Har yanzu dangin maɗacin nan namu suna cikin katakon da kamfanonin jita ke amfani da shi.

Na biyu, jitar da ta shekara sittin tana aiki ta riga ta nuna halinta. Katakonta ya bushe ya zauna, in wuyanta zai karkace da tuni ya karkace. Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Waɗanda suka rage har yau ai zaɓaɓɓu ne. Marasa kyan an jefar, an farfasa, an yi makamashi da su tuntuni. Kamar mutum ne ya ga tsohuwar fijo 504 tana tafiya garau a hanyar Gwagwalada ya ce motocin da ba sa mutuwa, ya manta da dubban da suka zama tukwane da murhu a panteka. Bugu da ƙari, aikin wancan zamani ba ya fita bai ɗaya. Ma'aikata ne ke lura da naɗin kunnen jita, wata rana su zarce, wata rana su gaza, wuyan kuma da hannu ake goge shi. Saboda haka jita biyu da suka fito daga kamfani ɗaya a mako ɗaya za su iya bambanta sosai, wata ta yi daɗi wata ta zama gangariyar banza. Shekarar da aka ƙera ta ba ta ba ka tabbacin komai ba.

Akwai wani gwaji da aka yi a birnin Faris a 2012, ba a kan jita ba, a kan gogen Turawa, amma darasin ya shafe mu. An tara manyan makaɗa goma, aka sa musu baƙin tabarau don kada su gane abin da ke hannunsu, aka ba su goge goma sha biyu, shida tsofaffi na Italiya masu shekaru ɗaruruwa da tsadar miliyoyi, shida sababbi. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai ɗauka, shida cikin goman sabo suka zaɓa, kuma sun kasa bambance tsoho da sabo. Idan haka ta faru da goge, wanda katakonsa ne ke fitar da sautin kai tsaye, ina ga jitar lantarki, wadda sautinta sai ya bi ta waya da amfilifaya da lasifika kafin ya iso kunne? A yau injuna masu aiki da kwamfuta ne ke yanka jita a masana'antun Indunisiya da Sin da Koriya da Meziko, kuma suna yanka ta daidai wa daida fiye da yadda hannun ma'aikacin 1959 zai iya. Jitar matsakaicin kuɗi ta yau, in an daidaita ta da kyau, za ta yi wa makaɗi duk aikin da yake so.

Yanzu mu zo kan waɗancan miliyoyin da ke hana yaranmu barci. A watan Yunin 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd, a birnin New York a kan dala 3,975,000. To ku ji abin dariya: 'yar 1969 ce, wato ta zamanin CBS ɗin nan da dillalai ke rainawa. Ba a nan ta tsaya ba, an canza mata wuya ba sau ɗaya ba, an canza kunnuwa, har huda ta ya taɓa yi ya sa wani soket sannan aka cike ramin. Da ni ne na kai irin wannan jita wurin dillali da waɗannan gyare-gyare, da ya zabge mini fiye da rabin kuɗi. A 2022 an sayar da Fender Mustang ta Kurt Cobain a kan wajen dala miliyan huɗu da rabi, alhali Mustang samfuri ne da Fender ta fitar a 1964 don 'yan koyo. Ta Eric Clapton da ake kira Blackie, wadda aka saya dala 959,500 a 2004, haɗe-haɗe ce, daga jikin jita uku ya tsinto sassanta. Shi kansa Jimi Hendrix, jitar da ya kaɗa a taron Woodstock na 1969 sabuwa ce a lokacin, kuma ta zamanin CBS.

Me wannan ke nuna mana? Wanda ya biya waɗannan kuɗi hannun da ya riƙe jitar ya saya, da waƙoƙin da aka yi da ita, da takardun da ke tabbatar da haka. In an cire labarin, katakon da wayar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ba. Ashe kasuwa uku ce ake kira da suna ɗaya. Akwai ta makaɗi mai neman abin aiki, shi sauti da daɗin hannu yake so. Akwai ta mai tara kayan tarihi, shi ƙaranci yake saya da kasancewar komai na asali ne, har sukuru da ɗigon dalma. Akwai kuma ta attajiri mai sayen suna. Duk wanda ya shiga ɗaya da lissafin ɗaya zai yi kuka.

Kuma ba sai mun je Amurka ba kafin mu gane cewa sauti a yatsu yake. Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa a Nijar, wanda yau yake cika manyan dandali a Turai da Amurka, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba sa son kiɗa balle a saya masa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan finafinanmu, kuma ta wayar salula ya yaɗu, daga wannan kati zuwa wancan, har ya isa kunnen wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya nemo shi ya kawo masa jitar bahago, tunda shi bahago ne. Ba jitar 1959 ce ta fito da shi ba. A gida kuma, marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da me ya zaga duniya? Kuntigi, tsirkiya ɗaya tal, a kan ɗan ƙoƙon da akan yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Idan ka ba wani wannan kuntigin, gwangwani ne kawai.

Saboda haka shawarata ga duk yaron da ke son koyo, ko namu ko na maƙwabtanmu da muke zama da su a layi ɗaya: kada ka bari kalmar tsohuwa ta ci maka kuɗi. Ka duba wuya ko ya miƙe, ka duba ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan ko sun cinye, ka jona ta ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙara, ka ɗaure tsirkiya ka ga ko tana riƙe sauti ko tana saki. In ta ci wannan jarrabawa, ko jiya aka ƙera ta a Sin ka saya. In ta faɗi, ko sunan wa aka rubuta a kanta ka bar ta.

Ga 'yan uwana masu harkar tsofaffin kaya kuwa, maganar ta fi tsawo. A gaskiya samun Les Paul 'yar 1959 a bolar Kuje daidai yake da tsintar zinare a kwata. Ba cewa na yi ba zai taɓa yiwuwa ba, amma wanda ya gina kasuwarsa a kan haka ya gina ta a kan iska. Mafi yawan abin da ke zuwa mana kwaikwayo ne mai araha, wasu ma da sunan Gibson ko Fender a goshi. Jabu ya yi yawan da a watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jitocin Gibson na jabu fiye da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Idan Amurka, inda kamfanin yake, ana kai musu jabu da kwantena, me kuke tsammani ake sauke mana a Legas? Masu harkar ma suna da wani barkwanci, wai cikin 1,700 da aka ƙera, dubu biyu ne kawai suka rage.

Manyanmu za su tuna abin da ya faru a Saudiyya a 2009, lokacin da aka baza jita-jitar cewa tsohon keken ɗinki na Singer yana ɗauke da wani jan sinadari mai tsada, har jaridu suka ruwaito ana taya keke ɗaya riyal 200,000, aka riƙa fasa shagunan teloli. Mu ma an sha yi mana irin wannan da tsohon dutsen guga da tsohuwar rediyo. Kullum salon ɗaya ne: wani zai zo ya taya kayan da tsada ya tafi, wani ya zo ya sayar maka da irinsa, daga nan ba za ka sake ganin ko ɗaya ba. Ina jin tsoron kada jita ta zama sabon keken ɗinki.

Abin da ya fi kusa da hankali a samu a ƙasar nan shi ne jitocin Japan na shekarun 1970 da 1980, masu sunaye irin su Yamaha da Ibanez da Greco da Tokai. A lokacin ana yi musu kallon kwaikwayo, har Gibson ta kai ƙarar dillalin Ibanez na Amurka kotu a 1977 saboda kamannin kan jitar. Amma aikinsu ya yi kyan da ita kanta Fender ta ga ba sarki sai Allah, ta buɗe reshe a Japan a 1982 ta ba masana'antar can aikin ƙera mata, daga nan ne sunan Squier ya bazu. Waɗannan ba za su saya maka gida a Maitama ba, amma kayan kirki ne masu masaya, kuma kuɗinsu ya ninka abin da za ka samu a sikeli nesa ba kusa ba. Wayar da ke cikin kunnen jita ta fi gashin kai siranta, duk ka warware ta ba za ta cika tafin hannu ba. Yaron da ya fasa jita don wannan waya, shi ne kazar da rashin sani ya sa ta kwana a kan dami.

Idan irin wannan ta faɗo hannunka, abu mafi muhimmanci shi ne ka bar ta yadda ka same ta. Mu 'yan kasuwa mun saba da cewa kaya sai da ƙyalli, mu wanke, mu goge, mu kai wa mai fenti ya fesa. A wannan harka fentin asali ko ya ɓaɓɓake ya fi sabo daraja, kuma sake fenti kaɗai kan iya zabge rabin kuɗin jitar da masu tarawa ke nema. Kada ka canza kunnuwa, kada ka yar da tsofaffin sukurori, kada ka kankare lambar kamfani da ke bayan kai ko a kan farantin ƙarfen da ke gindin wuya, domin da ita ake gane shekara. Ka ɗauki hoto ta kowace fuska ka nuna wa wanda ya san kayan, kuma kada ya zama shi ne mai son saya.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, wato daga ina kayan ya fito. Kayan kiɗa na cikin abin da ɓarayi ke ɗauka idan sun fasa majami'a ko wurin biki. Mu baƙi ne a garin nan, ko da an haife mu a nan, kuma kowa ya san yadda abin yake: in aka kama jitar coci a shagon Bahaushe ɗaya, ba sunansa za a kira ba, Hausawa za a ce. Ba mu manta da watan Janairun 2025 ba, lokacin da hukumomin Abuja suka rufe kasuwannin panteka na mako biyu suka kuma hana yawon bola a cikin gari saboda satar kayan gwamnati, mai laifi da marar laifi duk suka zauna a gida. Ribar jita ɗaya ba ta kai zaman lafiyar unguwa ba. Wanda ya kawo maka kaya ya kasa faɗin inda ya samo, ko ya zo da shi bayan isha'i yana waige-waige, ka sallame shi.

Ɗaya gefen kuma, idan mai kayan na gaskiya ne amma bai san abin da yake riƙe da shi ba fa? Alal misali matar da mijinta makaɗi ya rasu, ta fito da jitarsa don ta biya kuɗin makarantar yara, kai kuma ka gane 'yar Japan ce mai kyau. Na san abin da wasu za su ce, kasuwa ce, sa'a ce. Ni ban yarda ba. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu hanin tare ayari a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa su san farashi, kuma ban ga bambancin wannan da wancan ba. Ka ci riba, ba wanda ya hana, amma ka gaya mata kayanta ya fi abin da take tsammani. Mahaifina yakan ce kasuwar baƙo amana ce jarinta, kuma na ga gaskiyar haka, domin mutanen garin nan da ke ba shi ajiya ba don ya fi kowa araha suke zuwa ba.

Tunda mun yarda labari ne ke sa tsohuwar jita tsada, to mu ma muna da jitoci masu labari, ba sai na Turawa ba. Marigayi Bala Miller ya yi shekaru a Kaduna yana waƙa da Hausa da cikakkiyar ƙungiya mai jita da ƙaho kafin rasuwarsa a 2003. A Kano an yi ƙungiyar The Elcados a shekarun 1970, wadda yau masu tara tsofaffin fayafayai a Turai ke neman aikinta. A Nijar an yi marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda kaset ɗinsa ya cika motocin haya a arewa, kuma faifan da suka yi da Musa Fusi ya fita a Landan a 1994. Daga shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin makaɗa goma, jita ta koma gefe a waƙar Hausa ta Nijeriya. Jitar da aka yi irin wannan aiki da ita, ko da mai araha ce a ranar da aka saye ta, ta fi mini wata Fender da ba a san mai ita ba. Amma fa sai da shaida. Duk gidan da ke da irin wannan kaya na mahaifi ko kaka, ko jita ce ko kukuma ko gurmi, su nemo hoton marigayin yana riƙe da shi, su rubuta inda ya saya da wuraren da ya yi wasa, su sa tsofaffin abokan aikinsa su faɗi abin da suka sani a ɗauka a waya tun suna da rai. Turawan da ke biyan miliyoyi, wannan takarda da hoton suke biya.

Kafin a kai ga haka kuma sai kayan ya rayu, yanayinmu kuwa ba ya tausayin katako. Laimar damina a Kuje tana sa ƙarfe tsatsa ta kumbura katako, hunturu ya zo ya busar da shi har ya tsage, zafin shagon kwano a watan Maris yana iya sakin gam ya karkatar da wuya, gara kuma ba ta san Gibson ba. A sassauta tsirkiyoyi kaɗan in za a daɗe ba a taɓa ta ba, a sa ta cikin akwatinta ko a naɗe da zane mai tsabta, a ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai jiƙa da kuma taga mai rana. A ɗaki ake ajiye ta, ba a sito tare da buhunan masara ba.